Daga Ganɗoki Zuwa Naruto: Musun Da Muke Yi A Kan Yaƙin Da Ba Mu Je Ba

Yau ba zancen tsadar haya ko takardun zama zan yi ba. Wani tsohon littafi ne ya faɗo daga akwatin ƙarfe lokacin da uwargida take kakkaɓe ɗaki, bangonsa ya cire, ɓera ya gaigaye gefe guda. Littafin yaƙi ne irin na Kano, kashi na uku. Na huɗunsa bai taɓa shigowa hannuna ba, don haka fiye da shekara ashirin ke nan na bar wani sadauki tsaye a bakin kogo, takobi a zare, ban san yadda ya ƙare da abin da ke ciki ba. Ganin littafin nan ne ya tuno mini da wata hayaniya da aka yi a ƙofar gidana a shekarar 2014, ita kuma ta ja ni zuwa ga tarihin da nake son mu ɗan tattauna a kai.

Wata rana da yamma a watan Yunin shekarar, babban yarona da abokansa uku suka taru a kan waya guda, sai ihu ya tashi kamar an kama ɓarawo. Na fito da niyyar faɗa, na tambayi abin da ya faru. Suka ce ai Madara ne aka soke. Na ce innalillahi, ɗan wace unguwa ne? Suka fashe da dariya. Ashe wani mugu ne a cikin Naruto, ɗaya daga cikin littattafan zane na ƙasar Japan da ake kira manga. Na ce yanzu a kan zane kuke tayar wa maƙwabta hankali? Yaron ya ce, "Baba, ba ka gane ba ne. Shekara uku ina bin yaƙin nan ina jiran in ga wanda zai iya kayar da mutumin nan. Kowa ya gwada ya kasa. Yau kawai sai bawansa ya soke shi ta baya, aka fito da wata mata da ba mu santa ba aka ce wai ita ce babbar abokiyar gaba. Wannan ai maguɗi ne."

Na buɗe baki zan yi magana, sai na kasa. Dalili kuwa, wannan ƙorafin na taɓa jin sa, kusan kalma da kalma, daga bakin wani dattijo mai gadi a Karmo wajen 2003, kuma ni ne nake riƙe da littafin da ya jawo shi.

Waɗanda suka zauna Karmo kafin rusau sun san yadda dare yake a can. Mu 'yan Maraɗi da Damagaram da Tawa, da 'yan uwanmu na Katsina da Jigawa, yawancinmu masu gadi ne da 'yan ga-ruwa da teloli da 'yan acaɓa, ba mai iyali kusa. Bayan sallar isha'i sai a hallara teburin mai shayi. Akwai wani mai shago da yake sayo littattafai daga Kano yana ba da haya, mukan haɗa kuɗi mu karɓo, a ɗora mini karatu tunda ni na ɗan taɓa makarantar boko. Sai dai bokona na Faransanci ne, Hausar boko kuwa a kan littattafan nan na goge ta. Farkon farawa Kanawan cikinmu har riƙe ciki suke yi don dariya, saboda inda aka rubuta faɗa sai in karanta hwaɗa. Mutum goma sha biyar, wani lokacin ashirin, fitilar ƙwai guda ɗaya, kuma in na kai wurin da aka ja daga ba ka jin ko ƙarar cokali.

Wanda muka fi karantawa shi ne Abdul'aziz Sani Madakin Gini, mai Mazan Jiya da Kundin Tsatsuba, sai kuma Malikussaif na Aliyu Abubakar Sharfaɗi. A lokacin in ana maganar abin da Malam Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa Adabin Kasuwar Kano, hankalin masana duk yana kan littattafan soyayya, su In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, ana ta muhawara a jaridu ko suna ɓata tarbiyya ko ba sa ɓatawa. Littattafan yaƙi kuwa ba a cika kula su ba, alhali su ne abincin samari maza. 'Yan sirara ne, takardarsu irin ta jarida, kowane labari an yanka shi kashi uku ko huɗu ko fiye, kuma marubucin ya san daidai inda zai yanke: takobi ya tashi sama, bai sauko ba, sai a ce a nemi littafi na gaba. Yaran yanzu suna jiran mako guda kafin sabon babi ya fito suna kukan an ja musu rai. Mu kuwa sai mu yi wata biyu muna jiran mai shago ya je Kano.

Shi dattijon da na ambata, ƙorafinsa a kan ƙarshen labari ne. An shafe littafi uku ana gina wani sarki matsafi, an nuna mana bokayensa da aljanunsa da dakarunsa, an karkashe jarumai a gabansa, sannan a shafukan ƙarshe sai ga wani baƙon mayaƙi ya ɓullo ya gama da shi cikin ɗan lokaci. Ya ce shi ba ya jayayya da cewa gaskiya ce ke rinjaye, amma ai ko a yaƙin Uhudu an sha wuya, an rasa Sayyidina Hamza. In marubuci zai ba gaskiya nasara, to ya bari ta yi gumi tukuna. Wani tela ya taso masa, ya ce ai nan ne darasin yake, ƙarfin tsafi duk yawansa ba ya tsayawa gaban sunan Allah. Aka rabu biyu, har mai shayi ya kwashe kofunansa ba a daidaita ba. Ni dai a zuciyata ina bayan dattijo, amma mai karatu ba ya shiga musu, in ba haka ba gobe a ce yana karkata murya.

To, wannan al'ada ta girmi Karmo, ta girmi Madakin Gini. A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara da ke Zariya ya zagaya yana neman malamai su rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko, aka sami littattafai biyar da aka buga: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin, sai Ganɗoki na Muhammadu Bello Kagara, wan Abubakar Imam. Ganɗoki shi ne kakan littattafan yaƙinmu, kuma abin da ya fi ɗaukar hankalina a cikinsa shi ne yadda ya rabu gida biyu. Farkonsa yaƙi ne na zahiri, wanda a lokacin da aka rubuta shi akwai waɗanda suka gan shi da idonsu suna raye: zuwan Turawa, zamanin Sarkin Sudan na Kwantagora Ibrahim Nagwamatse, wanda garinsa ya faɗi a 1901, har zuwa hijirar Sarkin Musulmi Attahiru. Mun san yadda wannan ta ƙare a tarihi. Kano ta faɗi a watan Fabrairun 1903, Sakkwato a watan Maris, aka kashe Attahiru a Burmi a watan Yuli. Doki da mashi da lifidi ba su yi komai da bindiga mai ruwa ba. Daga nan sai Bello Kagara ya ɗauke jaruminsa daga ƙasar da aka ci da yaƙi, ya kai shi can wata duniya ta aljanu da dodanni shi da ɗansa Garba Gagare, inda har yanzu takobi yana da magana.

A ganina, a daidai wannan gaɓar aka haifi yaƙin almara na Hausa. Mutanen da aka karɓe wa filin daga na gaskiya ne suka buɗe wani a kan takarda. Kuma ban ga abin mamaki ba da na tarar cewa manga ma, a siffar da aka san ta yau, ta bunƙasa ne bayan an ci Japan da yaƙi a 1945, lokacin da Osamu Tezuka ya fitar da littafinsa na 1947 da ya yi kasuwa sosai a ƙasar da ke cikin toka da yunwa. Ba na cewa dalilin ɗaya ne. Na dai lura da kamar, kowa ya auna da kansa.

Mu 'yan Maraɗi muna da namu dalilin na kula da wanda ke ba da labarin yaƙi. Garinmu sarakunan Katsina na Haɓe ne suka kafa mulki a cikinsa bayan jihadi ya fitar da su a farkon ƙarni na 19, kuma Ɗan Baskore da kakanninmu ke ambata da alfahari, in ka tsallaka iyaka sai ka ji ana ba da labarinsa a matsayin maharin da ya hana ƙauyuka barci. Ita kanta Abujar da muke zaune, sunanta daga irin wannan tarihin ya fito. Zage-zagin Haɓe da suka baro Zariya tare da Sarki Makau su ne suka kafa tsohuwar Abuja a 1828 a ƙarƙashin Abu Ja. Da gwamnatin Murtala ta yanke shawarar gina sabon babban birni a 1976 sai aka ari sunan, tsohon garin ya koma Suleja. Wato mu baƙi daga garin waɗanda aka kora, muna zaune a birni mai sunan garin waɗanda aka kora. Shi ya sa a majalisarmu ba a rasa mai goyon bayan wanda aka kayar.

Bari in koma kan littattafai. Iyaye da yawa a cikinmu, har da ni kafin 2014, abin da muke cewa shi ne labaran Japan baƙi ne, namu kuwa na gida ne. Wannan magana ba ta tsayawa in aka bincika. Ɗauki Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, wanda ya fito a 1951, da dokinsa Kwalele, wanda kusan duk wanda ya yi firamare a Arewa ya san shi. Iliya mutumin Rasha ne. Asalinsa Ilya Muromets, gwarzon tsofaffin waƙoƙin bakan Rashawa, wanda ya shekara talatin da uku a kwance ba ya tafiya kafin wasu matafiya su warkar da shi. Sarki Waldima shi ne Vladimir, birnin Kib kuwa shi ne Kiev, wannan dai da muke ji a labarai tun da Rasha ta auka wa Yukren a watan Fabrairun 2022. Ranar da na gaya wa wani abokina Bakatsine haka, rantsuwa ya yi cewa Iliya ɗan ƙasar Katsina ne. Ban ga laifinsa ba, Ahmadu Ingawa ya yi wa baƙon nan wanka ya sa masa rawani har ba a gane shi.

Malikussaif kuma Saifu bin Zi Yazan ne, sarkin Yaman na ƙarni na 6 wanda ya kori Habashawa daga ƙasarsa da taimakon Farisa, daga baya masu ba da labari a Masar suka lulluɓe tarihinsa da aljanu da bokaye. Dare Dubu Da Ɗaya tun 1924 Frank Edgar ya buga shi da Hausa. Magana Jari Ce ma masana sun bi sawun labaransa har Bagadaza da Indiya da Jamus. Abin dariya a Magana Jari Ce shi ne, kundin farko gaba ɗaya an gina shi ne a kan hana yaro zuwa yaƙi: Musa yana son ya bi Mahmudu fagen fama, aku yana ɗauke masa hankali da labari har gari ya waye. Muna yara mun ji haushin akun nan ba kaɗan ba. Yanzu da nake da 'ya'ya na gane matsayinsa.

Su ma Japanawan aro suke yi, kuma wani lokacin rijiya ɗaya muke ɗiba da su. Akwai manga mai suna Magi, ta Shinobu Ohtaka, da ta fito daga 2009 zuwa 2017, jarumanta Aladdin da Alibaba da Sinbad. Akwai Arslan, wanda Yoshiki Tanaka ya fara rubutawa a 1986, Hiromu Arakawa ta mayar da shi zane daga 2013, labarin ɗan sarkin da aka ci ƙasarsa da yaƙi yake neman ƙwato ta, sunan kuma daga wani tsohon labarin Farisa na Amir Arsalan aka ɗauko shi. Har ma daga dama ake buɗe littafin manga a yi hagu, kamar allo, abin da ya sa da yaron ya miƙo mini ban sha wahalar bin sa ba.

Bayan hayaniyar nan na sa shi ya zaunar da ni ya warware mini zancen, ya yi dare uku yana yi. Masashi Kishimoto ya fara Naruto a mujallar mako-mako ta Shonen Jump a 1999, ya kammala a watan Nuwamban 2014 da babi 700, kundi 72. Zangon ƙarshe shi ne babban yaƙin ninja na huɗu, wanda ya fara wajen ƙarshen 2010. Ƙasashe biyar da suka daɗe suna gaba suka haɗa runduna ɗaya ta mutum 80,000, abokan gaba kuma suka fito da wasu fararen halittu 100,000. A cikin labarin yaƙin 'yan kwanaki ne da ba su kai mako ba, amma masu karatu sun shekara huɗu suna binsa. Yaro ya shiga yaƙin yana aji ɗaya na sakandare, ya fito yana shirin jarrabawar fita.

Ba tsawon ne ya fi ci musu rai ba. Abin da suka fi tsayawa a kai shi ne mutuwa. Wani matsafi a labarin ya tayar da matattun jarumai ya sa su yaƙi 'yan uwansu, har da waɗanda masu karatu suka riga suka yi wa kuka shekarun baya. Rabin yaran suna murna za su sake ganin gwanayensu, rabi suna cewa in wanda ya mutu zai dawo, to kukan da muka yi a mayar mana. Sannan ga wani malami mai suna Gai, wanda ya buɗe wani ƙarfi da tun farkon labari aka shar'anta cewa duk wanda ya buɗe shi mutuwa zai yi. Ya buɗe, ya yi wa Madara dukan da ba a taɓa yi masa ba, kowa ya yi masa bankwana, sai Naruto ya zo ya taɓa shi ya rayu. Amma Neji, wanda ba wanda ya yi zato, ya mutu a babi na 614 a ƙarshen 2012, kuma bai dawo ba. Yaron ya ce abin da ba su yafe ba shi ne marubucin ya kafa doka da hannunsa ya kuma karya ta. Ya kawo misalin One Piece na Eiichiro Oda, inda a yaƙin Marineford aka tara runduna don ceto mutum ɗaya, Ace, aka kwance masa mari, sannan ya mutu a hannun ƙaninsa a 2010. Ya ce wannan ya yi zafi, amma ba wanda ya ce an cuce shi.

Nan na ga dattijon Karmo a tsaye a gabana cikin gajeren wando. Mai sauraron labarin yaƙi zai yarda da aljani mai kai bakwai, zai yarda mutum ɗaya ya tarwatsa dubu, ba ya tambayar hujja. Amma alƙali ne mai tsanani a kan abu guda: abin da ka ce yana da farashi, to a biya. A dambe ma haka ne, 'yan kallo sukan yafe wa wanda ya faɗi, ba sa yafe wa alƙalin da ya raba wasa lokacin da kisa ya zo.

Sai kuma batun yafiya, wanda a nan ne na fi su baki. Suna ƙorafi wai Naruto ya cika wa'azi, duk mugun da ya kashe jama'a sai ya tsaya ya yi masa magana har ya tuba, har da Obito wanda ya jawo mutuwar iyayensa. Na ce ku zauna in ba ku labarin Ƙamariyya. Uwar Malikussaif ce, ita ta jefar da shi a daji yana jariri don kada ya gaji sarauta, da ya girma ya dawo ta sace allon da yake mallakar aljaninsa da shi, ta riƙa sa aljanin yana ɗaukarsa yana jefawa a wuraren halaka. Duk sanda ya kuɓuta ya dawo ya kama ta, sai ta yi kuka, sai ya ce uwa ce, ya sake ta, ta kuma maimaitawa. A teburin mai shayi akwai wani ɗan acaɓa da ya taɓa miƙewa tsaye ya ce in aka sake yafe wa matar nan shi ya bar sauraro. Aka sake yafe mata. Washegari shi ya riga kowa zuwa. Malaman cikinmu kuwa suna kare Malikussaif da haƙƙin mahaifiya, aka wayi gari musun littafi ya zama musun fiƙihu.

Kada mai karatu ya ɗauka yaranmu ne kaɗai suka ɗauki abin da zafi. A ranar 24 ga Maris 1970, ɗaruruwan mutane suka taru a ginin kamfanin ɗab'i na Kodansha a Tokyo suka yi zaman makokin wani ɗan dambe mai suna Rikiishi, wanda bai taɓa rayuwa ba sai a cikin manga. Da Attack on Titan na Hajime Isayama ya ƙare a watan Afrilun 2021 a babi na 139, bayan jarumin da aka faro da shi a matsayin mai ceto ya koma mai hallaka kashi 80 cikin 100 na mutanen duniya, masu karatu sun rabu biyu a faɗin duniya, har wasu suka zauna suka zana nasu ƙarshen. Wannan karon ƙaramin yarona ne ya kawo mini ƙara. Ni kuma da na ji labarin mutanen da aka killace a bayan ganuwa, aka zalunce su, suka sami ƙarfi suka wuce gona da iri, ban ga abin da ya fi ƙarfin fahimtar Bamaraɗe a ciki ba.

Majalisarmu ta Karmo ba musu ne ya kashe ta ba. Rusau ɗin da aka yi tsakanin 2005 da 2006 ne ya watsa mu, katafila ta bi ta kan shagon haya da teburin mai shayi, sannan a watan Oktoban 2006 aka hana acaɓa a tsakiyar birni, waɗanda suka rage suka kama gabansu. Wasu Masaka, wasu Suleja, wasu Dei-Dei, wasu suka koma gida gaba ɗaya. Littafin nan na uku a aljihuna yake ranar, shi ya sa ya tsira, kuma har yau ban san inda mai shagon yake ba balle in mayar masa. Bayan nan waya ta zo ta ƙarasa abin da ya saura na haya. Littattafan yaƙin ba su mutu ba, ana nan ana rubuta su, kuma akwai masu karanta su da murya a YouTube, masu gadi da yawa da su suke raba dare. Masu fassarar fina-finai a Kano irin su Algaita su ma sun gaji wani ɓangare na aikin. Wanda ya ga yadda aka yi ta tambayar dalilin da ya sa Kattappa ya kashe Baahubali tsakanin 2015 da 2017 ya san jinin musun nan yana gudana.

Abin da ke damuna guda ɗaya ne, kuma shi ya sa na zauna rubuta wannan. Duk baƙon da ya shigo mana a da, ta ƙofar Hausa ya shigo. Wani ya zauna ya mayar da Vladimir Waldima, ya mayar da Saifu Malikussaif, ya nemo wa kowane sara da kowace suka kalmarta. Da haka ni ɗan makarantar Faransanci na san mene ne sulke da kwalkwali da kansakali, na san bambancin barde da dakare. Naruto kuwa ta Turanci ya iso gidana, daga Japananci zuwa Turanci zuwa wayar yaro, bai bi ta hannun wani Ahmadu Ingawa ba. Ranar hayaniyar nan ni kaɗai aka yi wa bayani da Hausa. Su a tsakaninsu da Turanci da broka suke yi, alhali su huɗun duk Hausawa ne, biyu ma iyayensu daga Tasawa suke. Yaran da aka haifa a Kubwa ko Lugbe suna jin Hausa, suna cinikin kasuwa da ita, suna gaishe mu da ita, amma in abu ya taɓa zuciyarsu har suka ɗaga murya, wani harshe ne ke fitowa. Ban ɗora wa Japanawa laifin wannan ba. Mu ne muka daina karanta musu.

Na gwada wani abu a hutun da ya wuce. Na sayo Iliya Ɗan Maiƙarfi da Ganɗoki, na ce da ƙaramin duk dare zan karanta masa shafi biyar, shi kuma ya ba ni babi ɗaya na abin da yake bi, amma da sharaɗin da Hausa zai ba ni, ba kalmar aro sai in ta gagara. Daren farko ya yi minti biyu yana neman yadda zai ce an yi musu kwanton ɓauna, da na ba shi kalmar ya maimaita ta sau uku yana dariya, wai me ya haɗa ɓauna da yaƙi. Ya zuwa dare na shida ya fara tsayar da ni. Bai yarda da yadda aka ba Iliya ƙarfi a sha ɗaya ba, ya ce jarumi sai ya yi horo an gani. Da muka kai ƙarshe, inda Iliya ya zama dutse, ya yi shiru, sannan ya ce wannan ƙarshen ya fi na Naruto, don ba a dawo da shi ba.

Yayan nasa, wanda yanzu yake aiki a Kaduna, ya zo ya tarar da mu a kai. Na nuna masa tsohon littafin nan mara bango, ya karanta shafin ƙarshe da ƙyar yana haɗa baƙi, ya ɗago ya ce, "To Baba, ya aka yi da shi a kogon?" Na ce ban sani ba. Ya ɗauki hoton shafin da wayarsa, ya ce akwai wani abokinsa a Kano da ya san masu tsofaffin littattafai a kasuwar Sabon Gari, zai tura masa ko a dace. Yau mako uku ke nan. In akwai wanda ya zauna Karmo a cikinku, wanda ya san mai shagon hayar nan na kusa da masallaci, don Allah ya isar masa cewa littafinsa yana wurina, kuma ina neman na huɗu.